Iska Mai Hawa Biyu

Shekara goma sha ɗaya ina ƙidaya a duhu.
Ba kuɗi ba, ba carbi ba,
shirun Barau nake ƙirgawa.
Minshari ya tashi kamar injin niƙa ya ci tsakuwa,
sai ya ɗauke ɗif.
Ɗaya, biyu, har goma sha bakwai,
in kai masa gwiwar hannu a haƙarƙari,
ya zabura, ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya,
ya ce, "Lafiya?"
In ce, "Lafiya lau. Kwanta."

An ce barci ƙanin mutuwa ne.
A ɗakinmu na titin Morse, nan Columbus,
wan nasa yana leƙowa kusan sau hamsin a awa guda.
Ba ni na faɗa ba, takarda ce,
daga daren da suka kwantar da shi a asibiti,
wayoyi cirko-cirko a ka
kamar makitsiya ta gudu ta bar aiki.

Likita Feldman ta ce na'ura mai hawa biyu ce daidai da shi:
ta tura da ƙarfi in ya ja, ta sassauta in ya saki.
Na ce a raina, ashe zuga-zugi ne,
irin na kakana a maƙera.
Inshora ta ce a'a.
Sai ya fara da mai hawa ɗaya, mai araha,
ya gwada, ya kasa, a rubuta cewa ya kasa.
Wato sai ka faɗi a gaban shaidu
kafin a miƙo maka sanda.

Wata biyu yana kokawa da guguwa a hanci.
Iska ta shiga, ta tare ƙofar fita,
ciki ya kumbura kamar salka.
Ƙarfe biyun dare in tsinci takunkumin a ƙasa
yana huci shi kaɗai.
Da safe kuma ga motar 'yan makaranta,
yara arba'in, 'ya'yan mutane,
ga direba da jan ido.

Ni ce mai waya.
Danna ɗaya, danna huɗu, saurari kiɗan jira
har albasa ta ƙone a tukunya.
Wata Denise ta ce takardar ba ta iso ba.
Wani Curtis ya ce ta iso, lamba ɗaya aka kuskure.
Ranar Laraba Denise ta sake ɗauka,
ta yi ƙasa da murya, ta ce nata mijin ma haka yake,
mu hanzarta kafin Janairu,
kada kason da muke biya daga aljihu ya koma farko.
Allah ya saka wa Denise.

Ranar ɗauka aka jera mana biyu a tebur:
ɗaya mai sauya ƙarfi da hankalin kanta,
ɗaya mai tsayawa inda aka saita ta.
Inshora ta riga ta nuna tata da leɓe.
Takunkumi kawai aka bar mana mu zaɓa,
na hanci, ko mai rufe har baki.
Saurayin ya dubi gemun Barau,
ya ce iska za ta riƙa zurarewa ta nan.
Barau ya shafa shi a hankali,
ya ce, "Yaro, wannan ya riga ka zuwa duniya."
Muka ɗauki na hanci, da maɗaurin haɓa.

Ba tamu ba ce tukuna, haya ce, wata goma.
Kuma tana da baki:
kowace safiya sai ta kai rahoto.
Awa huɗu a dare, ko a zo a ɗauke.
Marubuta biyu a kafaɗa,
ga na uku a kan durowa.

Jiya na zuba mata ruwa, na kashe fitila.
Shiga, fita.
Shiga, fita.
Motar kwashe ƙanƙara ta wuce, bai motsa ba.
Ni ce barci ya ƙi.
Gwiwar hannuna a shirye, ba aikin yi.
Sai da na kai ɗari uku na lura
yau numfashi nake ƙirgawa.

Da asuba ya kwance maɗauri,
shatinsa kwance a kumatu,
ya ce, "Turai, na yi mafarki."
Rabon da in ji haka tun muna Zariya.
Na ce, "Me ka gani?"
Ya ce, "Ba komai.
Gona ce kawai, ana ruwa."