Faɗuwar da Ba Ta Kai Ƙasa

Ƙarfe biyun dare a Glasgow,
hawa na huɗu, ɗakin da bututun ɗumi ke tari kamar tsoho.
Tun Talata ake yayyafi,
bai zuba ba balle a sa ran ɗaukewa.

Kumbon da nake wa lissafi bai fi kwalin sukari ba.
Ko ƙusa ɗaya ba a ɗaura masa ba tukuna,
a cikin lambobi kaɗai yake numfashi,
ni ce uwarsa, ni ce ungozoma,
ni ce kuma kullum mai binnewa.

Ranar da na fara zuwa, Farfesa Rennie
ta cilla makullanta sama ta cafe.
Ta ce, duk abin da kika ga yana kewaya duniya
faɗowa yake yi,
gudu ne ya yi masa yawa
har ƙasa ke lanƙwashewa tana kaucewa.

To nawa bai iya ba.
Kwana ɗari biyu da sha biyu yake yi a kan allon kwamfuta,
sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa faɗa,
ya gangaro, ya ƙone a saman teku.
Na sauya nauyi, na sauya kusurwa,
na zargi iskar can sama, na zargi hasken rana,
na zargi Tomasz da ya rubuta manhajar.
Wata uku ke nan. Shayi ya huce,
alli ya cinye mini bakin hannun riga,
kuɗin tallafin karatu na ta ƙarewa.

Dattijo Doig mai shara ya turo kekensa,
ya tsaya gaban allo, tsumma a hannu.
Ya ce, wannan fa, a goge?
Na ce goge, ba ta da amfani.
Ya duba, ya duba, ya girgiza kai,
ya share ƙasa kawai ya yi ficewa.

Da asubar gida na kira Inna.
Shekara talatin tana riƙe adashin matan kasuwar 'yan kifi,
ba takarda, ba biro,
ko sisin kwabo bai taɓa salwanta ba.
Na ce, Inna, lissafina ya ƙi cika.
Na ji tana gyara zama a kan tabarma.
Ta ce, Kubura, ran da kuɗi bai cika ba
ba na duban fuskar kowa.
Haɓar zanena nake fara kwancewa.

Na ɗauko littafin shekarar farko,
wanda kofi ya yi wa tambari a bango.
Shafi na tara, layi na shida,
rubutuna ne, ba na Tomasz ba:
alamar ɗebewa, ɗan karan layi,
ko tsawon ƙwayar shinkafa bai kai ba,
na bar shi a baya wajen tsallakawa.

Na mayar da shi gurbinsa.
Na danna, na rufe ido da tafi ɗaya.
Ɗari biyu da sha biyu ta zo ta wuce.
Ɗari biyar. Ɗari tara.
Yana ɗan karkata, gaskiya,
sai an riƙa zungurarsa da ɗan wuta lokaci-lokaci,
amma wa ya taɓa zama a nesa
ba tare da an ɗan riƙa taɓawa?

Ban yi guɗa ba, mutane na barci.
Na rubuta wa Tomasz: ka yafe ni.
Na rubuta a allo: Malam Doig, yanzu goge.

A bakin titin Byres motar farko ta makara.
Na ɗaga kai, gajimare ne wane bargo,
ko tauraro ɗaya babu.
Jarrabawar kare kundi sai watan Maris,
takalmina na hagu na shan ruwa,
ni ma dai haka nake, ina ta faɗowa,
ƙasa kuma tana ta kaucewa.