Wuyan Ƙyale-su

Kare ba shi da bakin faɗin gidansu,
sai dai a ara wa wuyansa baki.
A Kwalkwalawa na koyi wannan karatu,
shekarar da albasa ta yi tsada,
shekarar da na rasa Duna.

Warin buhunana ya bi,
a bayan mota, har kasuwar Kara.
Ya waiga bai ga fadama ba,
bai ga rijiya ba, bai gan ni ba.
Ranar Sakkwato ta zazzago masa harshe,
yawu yana ɗiga,
wani yaro ya ce, "Mahaukaci ne!"
Kalma ɗaya ta ishi duwatsu.

Kwana uku ina taka gari,
Marina, Rijiyar Ɗorowa, bakin tasha:
"Kun ga baƙin kare mai farar ƙafa?"
Ana ta dariya.
Mai shayi ne kawai ya daina fifita,
ya dube ni ya ce,
"Da an san da mai shi, da ba a yi ba."

Da ɗan kwikwiyo ya zo hannuna
na sa masa suna Ƙyale-su,
na nufi rumfar Labbo baduku.
Ya yanko jar fatar akuya,
ya auna wuyan da zare, ya bar wurin girma.
Modi maƙeri ya ɓallo gefen tsohon farantin tagulla,
ya ɗora kurfi, ƙwas, ƙwas, ƙwas:
sunan kare, sunana, sunan ƙauye,
lambobin waya goma sha ɗaya,
da watan da likitan dabbobi ya yi masa allura.

Maƙwabta suka samu abin hira.
"Yau ga kare da laya!"
Na ce ba laya ba ce, hanyar gida ce.
Suka ce kuɗin ya isa buhun taki rabi.
Ban musa ba.

Sai damina ta uku,
gulbin Rima ya ƙetare iyakarsa cikin dare,
ya ci kunya, ya ci bukka,
kowa ya ɗauki abin da hannu ya kai.
Da asuba na ƙirga awaki, sun cika,
na yi fito, babu mai amsawa.
Tsohon ciwo ya tashi zaune.

Kwana biyu.
Ana kiran isha'i waya ta yi kuka,
muryar wata dattijuwa daga Wamakko,
jikarta na karanto mata baƙaƙe:
"Kai ad da karen ga?
Shina nan ƙarƙashin tebur,
yara sun ɗauko duwatsu, ni ko na ga ƙarhe na walƙiya.
Ya canye mini ƙosai na ɗari biyu.
Taho ka biya."

Na biya. Na ƙara da kwandon albasa.

Yanzu in dare ya raba,
nakan ji tagulla tana taɓa bakin kasko,
ƙil, ƙil, yana shan ruwa,
sai in juya in koma barci.
Wani lokacin kuma barcin ya ƙi,
in tuna Duna a tsakiyar Kara,
yana duban fuska bayan fuska,
da wuyansa fayau,
babu ko harafi ɗaya da zai roƙa masa arziki.