Gayyar Asabar a Gamkalle

Jirgin Baba ya shekara uku a kan yashi,
ƙadangaru sun mai da shi gida.
Inda dā gorarsa ba ta taɓa ƙasa,
yau akuya ke tsallakawa, kofato a bushe.

Nomau mai wanki ne ya fara magana,
ran da leda ta harɗe shi ya faɗi da rigunan mutane:
"Kogin nan ya ciyar da mu, mun ci amanarsa.
Asabar kowa ya fito."
Aka yi dariya. Mu bakwai muka zo.

Ba ganga, ba goro, ba mai rubuta suna.
Tsahara ta aro baro wurin magina,
Saini ya hayo daga Harobanda da manjagara mai haƙori huɗu,
ni na zo da hannu biyu da kunyar masu kallo.

Kainuwa ta fi ganinta nauyi.
Ja ɗaya, dangi duka su biyo,
da silifa, da batir, da gwangwanin tumatir,
da ƴar tsana marar kai
wadda Tsahara ta wanke ta adana, ban tambaye ta ba.

Asabar ta huɗu mun kai talatin.
Muka dasa bagaruwa arba'in a bakin kwari,
inda ruwan sama ke kwaso yashi.
Awaki suka yi mana godiya da haƙori.
Tara suka rage.
Nomau ya zauna dirshan, bai ce uffan ba,
sai tsohuwa Barira ta jefa masa damin ƙaya:
"Tara ma iyali ne. Tashi ka yi musu shinge."

Baba ba ya zuwa.
Ya ce wanda ya san kogin da ƙarfinsa
ba ya iya kallon jinyarsa.
Amma jiya, ina haƙa ramin dashe,
shebur ya ci karo da dalma,
irin ta bakin tarunsa, da alamarsa, zane biyu.
Na kai masa. Ya yi ta juya ta a tafi har shayi ya huce.

Yau da asuba na ji guduma daga gaɓa.
Ruwan bai dawo ba,
saura taku sittin tsakaninsa da jirgin,
na ƙirga.
Baba na durƙushe yana toshe ɓaraka da tsumma da kwalta,
ƙadangaru na gefe suna gyaɗa kai.