Kofuna Biyar a Yaba

Ruwa ya tsare ni a Yaba ranar Laraba,
danfo sun cushe, kwandastoci sun gaji da ihu,
na fake a bakin wani tsohon gareji
inda Folarin ke dafa giya a tukwanen ƙarfe
masu ƙyalli kamar ba su taɓa sanin hayaƙi ba.

Ya jera mini ƙananan kofuna biyar a kan katako.
Ya ce kada in kwankwaɗa, in shinshina tukuna.
Na ce, ɗan'uwa, jikar Tamu ce ni ta Gidan Jatau,
cikin ƙamshin tsiron dawa aka yaye ni,
ba yau na fara ganin kumfa ba.

Na farko fari ne, marar nauyi,
ya wuce maƙogwaro ko sallama bai yi ba.

Na biyu ya tsaya.
Ɓawon lemun tsami ne da fari,
sai ganyen da aka murza a tafin hannu,
sai can ƙasan harshe, bayan na ɗauka an tashi taro,
wani ɗaci ya shimfiɗa tabarma ya zauna.

Na ce wane ne wannan baƙon?
Ya kwance leda ya zuba mini a hannu,
korayen ƙwayoyi, sai ka ce abincin kaji.
Hof, in ji shi. Furen wata ƙasa mai sanyi,
jirgi ke kawo shi,
in dala ta yi tari, shi ma ya kama zazzaɓi.
Na murza, na kai hanci:
ɗanyen mangwaro, ƙaron itace,
ciyawa washegarin ruwan farko,
da wani ɗan wari da ban faɗa a gaban mai kaya ba.

Na uku ja ne, zoɓo ya shiga ya yi kane-kane.
Na huɗu baƙi ƙirin, ƙanzon tukunya da aka manta.
Waɗannan mun gaisa, kowa ya kama gabansa.

Na biyar ne ya kira sunana.
Jar dawa ce, daga Mil Tuwal ya sayo buhu,
hof ya yi masa tsada, ya haɗa da shuwaka.
Kurɓi ɗaya, sai ga ni a bayan rumbu,
ranar gayya, fartanyu jingine da darni,
Tamu ta tsoma yatsa a randa, ta lasa, ta rufe ido.
Tata ba ta da ɗaci. Tsami gare ta,
tana motsi a cikin ƙwarya kamar mai numfashi,
in ta kwana uku ta mutu, a ba alade.

Folarin ya zaro biro daga bayan kunne.
Kwana nawa take jiƙa dawar?
Sau nawa take tafasawa?
Me take zubawa ta tashi?

Na buɗe baki.
Na tuna launin zanenta, da tabon wuta a gwiwar hannu,
da waƙar da take yi in tana tacewa,
da yadda take korar mu da muciya.
Kwana nawa? Ban sani ba.
Makaranta aka tura ni, don kada in gaji randa.

Janareta ya yi kaki, fitilu suka lumshe suka dawo.
Ya mayar da bironsa, bai ƙara tambaya ba,
ya dai ƙara mini rabin kofi, ya ce wannan babu kuɗi.

Tsakanin daɗi da ɗaci
ɗan lanƙwasa harshe ne kawai.

Ruwa ya ɗauke. Na tattare siket na tsallake kwata,
ƙwayar hof uku ɗaure a bakin gyale.
Har Oshodi, matse tsakanin mai buhun barkono da taga,
baƙon nan na zaune a ƙasan harshena,
bai naɗe tabarmarsa ba.