Jan Ɗigo

A bene na uku, saman mai sayar da taliya,
a Osaka, layin da fitilu suka kori taurari,
nake buɗe shagona daren Juma'a.
Tebura shida. Fanka ɗaya mai tari.
Katuna na barci cikin rigunansu na leda.

Dokar wasan ba wuya, yaro ma ya haddace:
kibiya ba ta tashi haka kawai.
Sai ka ɗora jan ɗigo a kan halitta tukuna,
ƙwayar gilashi da ba ta kai farce ba,
ka bar ta har zagaye ya dawo kanka.
Wadda aka yi wa alama ita ce abar hari.
Sauran, ko mashi ya bi ta kansu, wucewa zai yi.
Mai halittar na da zagaye ɗaya tak:
ya biya fansa ya goge, ya tura ɗigon kan wata,
ko ya zauna ya zuba ido.

Tsoho Tsuneo direban jirgin ƙasa ne da ya ajiye aiki.
Shekara arba'in bai makara da minti ɗaya ba,
yanzu ga shi yana makara wajen jan kati,
jikarsa Mizuho na ƙwanƙwasa tebur da yatsa.
Shekararta sha ɗaya, ba ta san sani ba a wasa.
Makon jiya ta kashe masa Zalɓen Hazo,
ta kashe Ƙaguwar Ƙarfe, ta yi dariya har da shaƙuwa.
Ɗaya ya rage da yake ji da shi:
Kunkurun Tsohon Tafki, kati mai lanƙwasasshen gefe.
Ba ya cizo, ba ya gudu,
daɗewa kawai ya iya.

Daren nan zafi ya yi yawa, fanka ta ƙi.
Ya ɓalle maɓalli biyu na rigarsa,
sai ga su a ƙirji, ƙasa da ƙashin wuya:
ɗigo uku na tawada, an jera su da ma'auni.
Na san su. Mijina ya yi wata biyar da irinsu.
Likita ke sa su, don na'urar haske
ta san inda za ta auna, kada ta ƙona inda ba ciwo.

Mizuho ta riga ta ɗauko ƙwayar,
hannunta na shawagi saman Kunkuru.
Ta dubi katin, ta dubi ƙirjin,
ta sake duban katin.

"Ɗora mana," in ji shi. "Jirgi ba ya jiran kowa."

"Kaka, kai wa ya ɗora maka naka?"
"Wata likita mai sanyin hannu."
"Kana iya tura shi kan wani?"
"Ko ina iyawa, kan wa?"

Shago ya yi tsit. Samarin tebur na huɗu
suka daina gauraya kati.
Ƙanshin romo na hawo matakala daga ƙasa.

Ya ce, "Ke, ba kowace alama ce ta kisa ba.
Abin da aka sa wa ɗigo an gan shi ke nan.
Wanda bai nuna kansa ba, shi nake tsoro.
Ɗora, kada ki raina ni."

Ta ɗora. Gilashi ya ce ƙwas a kan leda.
Ya ƙirga na hannunsa a hankali, leɓe na motsi,
ya biya fansa da kati uku, iyakar abin da ya tara,
ya ɗauke jan ɗigon da yatsu biyu
ya sa mata a tafin hannu.

Kunkuru ya tsira. Ita ta ci wasan duk da haka,
bayan zagaye huɗu, ta wata ƙofar.
Ba ta yi dariya ba.

Da na zo goge tebura na ƙirga ƙwayoyin kwalba,
arba'in ba ɗaya.
Ban tambayi kowa ba.
Na buɗe littafi na rubuta:
Juma'a mai zuwa, tebur na biyu, mutum biyu.