Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin da biyu Tanimu na gyaran agogo
a rumfarsa ta kasuwar Sabon Gari,
gilashi maƙale a ido ɗaya,
yana tsintar ƙusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero.
Ni kuwa, tun da ƙafafunsa suka fara kumbura,
na koyi nawa aikin: ƙirga.

Da dare numfashinsa kan taso a hankali,
ya hau, ya hau, kamar mai tura baro a hawan Tudun Wada,
ya kai ƙarshe, ya gangaro,
sai shiru.
Ɗaya. Biyu. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya.
Sha ɗaya. Wani kare can wajen Gyallesu.
Na taɓa kaiwa ashirin da uku,
hannuna a sama, na rasa in taɓa shi ko in bari.
Sannan ya fizgo iska kamar guga daga rijiya mai gaba dubu,
ya juya, bai san ya je ko'ina ba.

Da safe ya ce, "Ladidi, ke ce ba kya barci, ni lafiyata ƙalau."
Matashi uku yake tarawa kafin ya kwanta.
Na cire gishiri daga miya,
ya ce na cire masa duniya.

A Shika likita ta baje takarda mai zane-zane,
ta ce ɓangarorin zuciyarsa ba sa bugawa tare,
kamar masu lugude da taɓarensu suka saɓa.
Za a sa 'yar na'ura ƙasan kafaɗar hagu, cikin fata.
Ta ce wataƙila numfashin daren ma ya daidaita.
Wataƙila ta ce, ba ta yi alkawari ba.
Tanimu ya gyara zama:
"Batirin shekara nawa yake yi?
Wa ke buɗe murfin?"

Muka sayar da filin Dakace.

Yau wata huɗu.
Shirun bai tafi ba, ya dai gajarta:
bakwai, takwas, wani daren babu.
Nakan ɗora yatsa a kan tudun nan, bai kai kwalin ashana ba.
Ya ce, "Bari wahalar da kanki, na kasa kunne, ba ya ƙara.
Wanda ya haɗa shi ya san aiki."

Jiya na fara ƙirga, ban san inda na tsaya ba.
Assalatu ta same ni da baki buɗe,
shi yana zaune, yana lalubar buta da ƙafa.
Ya ce, "Kin yi minshari.
Na ƙirga miki har arba'in, na gaji."