Ruwan Toka

Ran Larabar Toka na dawo daga coci,
goshina da baƙin zane, tafin ƙafata da zafin hanya.
Filibus na kwance inda na bar shi,
hannun dama a yashe kamar na aro.
Ya dubi goshina, ya so magana,
baki ya karkace, kalma ta maƙale.
Na dangwali tawa na shafa masa.
Toka ɗaya ta ishe mu, mu biyu.

Wata shida ke nan da ya faɗi a gonar acca.
Bijimin huɗa ya tafi, keken ɗinki ya bi shi,
asibitin Bauchi ya cinye, ya lashe hannu.
Bana ba sai Fada ya ce a bar nama ba,
naman ne ya riga ya bar mu.

Littafin na uwata ne, Keziya.
Bangonsa ya rabu da shi tun ina budurwa,
ta ɗinke da zaren buhu da ƙyallen atamfar zumunta.
Karatunta na bin yatsa ne, harafi harafi,
shi ya sa inda ta fi daɗewa
takardar ta yi duhu da gumi da man gyaɗa.
Ni yanzu ba sura nake nema ba,
sawun yatsanta nake bi.

Bazara ta mai da ɗaki tanda.
Da dare nakan jawo shi gindin mangwaro,
Bogoro ta yi tsit, sai jakin maƙwabta,
in kunna tocilan waya, in buɗe inda ya yi duhu.
Can na tarar da wani bawan Allah da ya gaji,
ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa.
Ba a yi masa faɗa ba.
Abinci aka ba shi da ruwa, aka bar shi ya koma barci.
Sau uku na karanta.
Ashe gajiya ba zunubi ba ce.

Amma daren da na kai ga shanyayyen nan
da aka fasa rufi aka zuro shi,
ya tashi ya naɗe tabarmarsa,
sai na dubi tamu tabarmar, na dubi mai ita,
na rufe littafin da ƙarfi.
Kwana huɗu ban taɓa shi ba.
Addu'ata ma gunaguni ce, in ka ji ka ce rigimar bashi.

Ran Juma'a aka yi sallama.
Istifanus mai faci, da Dogara, da Barnaba,
da yaron nan Irimiya da muka taɓa yi wa tsawa kan awaki.
Suka ɗora shi a kujerar roba,
suka ɗauka har coci, Hanyar Gicciye.
Bai tashi ba. A kujerar ya dawo.
Sai da suka fita na ƙirga su.
Na koma na buɗe wurin, na haska:
yatsan uwata bai daɗe a ƙarshen labarin ba,
duhun yana kan masu ɗaukan ne.

Ita ta koya mini tace toka:
a huda tsohuwar ƙwarya, a cika, a zuba ruwa,
a yi haƙuri.
Ɗigo, ɗigo, har ya taru.
Abin da wuta ta gama da shi
shi ke gyara miyar karkashi.

Saura kwana goma sha shida Ista.
Rijiya ta ja baya, ba ko gizagizai.
Jiya ina ba shi tuwo da hannu ɗaya,
ɗayan na danne shafi kada iska ta juya,
sai ya yi ta kokawa da harshensa
har kalma ta fito, guda ɗaya, a gurguje:
"Ƙara."
Ban san ko miya yake nufi ko karatu ba.
Na ƙara masa duka biyun.